Iya Rubutu Ba Baiwa Ba Ce, Sana'a Ce Mai Suna Haɗɗi

Kwanakin baya na ji wata magana a wata makarantar firamare, har yau ta ƙi barin raina. Wani uba ne ya zo da littafin ɗansa ɗan aji huɗu, ya buɗe wa malamin ajin, ya ce, "Malam, don Allah duba min wannan. Ni na kasa karantawa, shi ma da ya rubuta na ce ya karanta min ya kasa." Malam ya duba, ya ce, "Ai Alhaji sai haƙuri, shi rubutu baiwa ce. Wani Allah ya ba shi, wani bai ba shi ba."

Ban yarda da wannan magana ba. Komai daga Allah yake, wannan babu musu. Amma iya rubutu mai tsabta, wanda kowa zai karanta ba tare da wahala ba, abu ne da ake koyarwa, yana da ƙa'idoji, yana da malamai, yana da suna. Ranar da muka fara ce masa baiwa, ranar muka sauke wa kanmu nauyin koyar da shi. Ina ganin ya wajaba makarantunmu su dawo da darasin rubutu a matsayin darasi mai zaman kansa, mu kuma mu dawo da sunan da malamanmu suka san shi da shi.

Sunan da muka bari ya kwanta

Tambayi ɗan boko yadda ake kiran gwanintar rubutu da Hausa, zai ce maka "kyan rubutu" ko "rubutu mai kyau". Ba laifi ba ne, Hausa ce daidai. Sai dai ka saurari yadda maganar take faɗawa a kunne: kyan rubutu, kyan fuska, kyan diri. Duk a sahu ɗaya suke zama, sahun abubuwan da ake haihuwar mutum da su. Kalmar tana nuna abin da ido ya gani a takarda, ba ta ce komai game da shekarun da hannu ya yi yana koyo ba.

A zauren malamai kuwa akwai wata kalma: haɗɗi. Za ka ji an ce wane ya iya haɗɗi, ko haɗɗin wannan littafi na Barno ne. Asalinta Larabci ne, khaɗɗ, kuma ta shigo Hausa ta hanyar da 'yan uwanta suka bi. Yadda khuɗba ta zama huɗuba, khaɗar ta zama haɗari, haka khaɗɗ ta zama haɗɗi. A kula, ba haddi ba ce ta hukuncin shari'a, ba kuma hadda ba ce ta riƙe karatu da ka. Ƙugiyar da ke kan ɗ ita ta raba su.

Ma'anarta ta farko a Larabci layi ce, zanen da aka ja a ƙasa ko a kan wani abu. Har gobe da ita Larabawa ke kiran layin waya, da ita suke kiran layin da ya raba duniya biyu a taswira. Aikatau ɗinta ya zo a Alƙur'ani, a Suratul Ankabut aya ta 48, inda Allah yake gaya wa Annabi (SAW) cewa bai kasance yana karanta wani littafi kafin wannan ba, bai kuma rubuta shi da damansa ba. Daga jan layi kalmar ta koma nufin rubutun hannu, daga nan ta zama sunan fanni guda mai malamai da ɗalibai da ijaza.

Wannan hawa da kalmar ta yi, mutane ne suka yi shi da aiki. A Bagadaza an yi wani waziri, Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940. Shi ake danganta wa sanya ma'auni ga haruffa. Ya ɗauki ɗigon da bakin alƙalami ke yi idan an dangwala shi a takarda ya mai da shi abin awo: tsawon alif ɗigo kaza ne, sauran haruffa kuma a auna su da alif da da'irar da ke kewaye shi. Ibn al-Bawwab, wanda ya rasu a 1022, ya zo ya ƙara wa tsarin taushi. Yaƙut al-Musta'asimi, wanda ya rasu a 1298, ya ɗora. Turkawan Usmaniyya suka karɓa, aka sami irin su Shaikh Hamdullah da Hafiz Usman. Mushafin Madina da ke cikin masallatanmu yau, hannun mutum ne ya rubuta shi, Usman Ɗaha, mutumin Siriya, kafin a kai shi injin buga littafi.

Abin da ake iya aunawa da ɗigo ana iya koyar da shi ga kowa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, a cikin Muƙaddima ya lissafa haɗɗi cikin sana'o'in ɗan Adam, ya ce kyansa yana bin ƙarfin birni da yawan masu koyarwa, har ya kawo misali da Masar inda akwai malamai da aikinsu shi ne koya wa ɗalibi ƙa'idar kowane harafi. Shekara ɗari shida ke nan da aka faɗi wannan.

Turawan Ingila ma da suka zo yin tasu kalmar, penmanship, daga sunan alƙalami, wato pen, suka gina ta, suka liƙa mata ɗafin da suke sa wa gwanintar hawan doki da ta aikin hannu. Sunan alƙalamin nasu kuma daga kalmar Latin mai nufin gashin tsuntsu ya fito, domin da shi suke rubutu a da. Su ma a sahun sana'a suka ajiye abin.

Mu ma muna da namu hannun

Kada wani ya ɗauka labarin Bagadaza da Istanbul kawai nake bayarwa. Kalmomin da muke amfani da su kullum sun isa shaida cewa rubutu ya daɗe a ƙasar nan. Allo daga al-lauh yake, alƙalami daga al-ƙalam. Ita kanta kalmar rubutu, masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujja tun 1960 cewa daga Barebari muka aro ta, ita da karatu. Gwani ma, muƙamin da duk mahaddaci yake buri, ɗan uwan goni ne na Barno.

Barno tana da salon haɗɗinta, mai kauri da kusurwa, wanda masu bincike ke kira Barnawi. Akwai Alƙur'anin Barno da aka samu ɗauke da kwanan wata na 1669, da fassarar tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Kano ta fitar da nata salon, Kanawi, wanda ya bazu sosai lokacin da aka fara ɗaukar hoton rubutun hannu ana bugawa ana sayarwa a Kurmi da sauran kasuwanni. Duk wanda ya yi karatun zaure ya riƙe irin waɗannan littattafai: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Ishiriniya. Marigayi Sharu Bala Gabari na Kano, wanda ya rasu a 2014, Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa ya shiga gidaje da tsangayu ba iyaka. Wanda ya saba da rubutun nan daga nesa yake gane shi: fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja.

Ka dubi yadda tsangaya take kai yaro ga wannan. Kolo ba ya fara da rubutu. Malam ne ke rubuta masa a allo, shi yana biyawa yana bin harafi da yatsa. Haruffan ma an raɗa musu sunaye da ke bayyana sifarsu, don yaro ya ga harafin a ransa kafin ya ja shi: alu ambaki wau zal, ba sin mim ara, alu lallan ha kuri. Sai an gama babbaƙu a shiga farfaru. Sannan a hankali a sakar masa alƙalami, ya kwaikwayi hannun malam, ya wanke, ya sake. Shi zai koyi fiƙe alƙalaminsa, shi zai koyi dafa zuge da ƙaro ya cika kurtunsa. Kafin ya kai matakin satu, inda zai rubuta da ka a duba masa, hannunsa ya yi dubban layuka a gaban wanda ke gyara masa.

Ban ce kowane gardi ne ke fitowa da hannun Sharu Bala ba. Amma yana da wuya ka ga wanda ya yi nisa a tsangaya rubutunsa bai karantuwa. Shin duka Allah ya zaɓe su ya ba su baiwa, ya hana 'yan firamare? Koyarwa ce ta bambanta.

Abin takaici, a 2021 hukumar UNESCO ta sanya haɗɗin Larabci cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Ƙasashe 16 ne suka haɗu suka gabatar da buƙatar, ciki har da Sudan da Muritaniya. Babu Nijeriya, babu Nijar, babu Chadi, alhali muna da salon da babu irinsa a ko'ina, kuma masu yinsa suna nan da rai a Maiduguri da Kano da Haɗeja da Damagaram.

"Ai yanzu zamanin waya ne"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo min, kuma tana da ƙarfi. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Wasiƙa ta koma WhatsApp, ita ma yanzu murya ake turawa. To me za a yi da kyan hannu?

Mu sauko ƙasa mu duba. Yaron da ke firamare da sakandare a garuruwanmu, da me yake kwafar darasi? Da me yake rubuta jarrabawar ƙarshen zango? Ɗalibin jami'a da ke amsa tambayoyi shafi goma, malamin da zai duba takardu ɗaruruwa cikin dare, idan ya kasa karanta amsar me kake tsammani zai ba shi? Littafin bashi na mai shago, katin asibiti, rajistar masu awon ciki, takardar cinikin fili da shaidu suka sa wa hannu, rasit ɗin kasuwa, duk da biro ake yinsu. Rigimar gado nawa ce ta tsaya a kan takardar da aka kasa tantance ko bakwai aka rubuta ko ɗaya?

Su kansu waɗanda suka ƙera wayoyin sun fara waiwaye. A Amurka, manhajar bai-ɗaya da jihohi da yawa suka ɗauka a 2010 ba ta tilasta koyar da haɗaɗɗen rubutu, wanda ake sarƙa haruffan kalma da juna, ba, makarantu da dama suka watsar. A 2023 jihar Kalifoniya, inda manyan kamfanonin fasaha suke, ta yi doka ta dawo da shi a firamare. A shekarar dai gwamnatin Suwidin ta bayyana aniyar rage dogaro da allon kwamfuta ga ƙananan yara, a koma ga littafi da rubutun hannu. Mu da ko kwamfutar ba ta wadace mu ba, ba mu da dalilin sakin abin da ke hannunmu.

"A fara koya musu karatu tukuna"

Wannan ta fi ta farko nauyi a wurina, domin malaman da ke faɗinta gaskiya suke faɗa game da halin da suke ciki. Aji ɗaya yara sun haura ɗari, wasu a ƙasa suke zaune, littafi a kan cinya. Da yawa sun kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. A irin wannan hali, maganar kyan rubutu sai ta yi kama da neman ado.

Amsata ita ce karatu da rubutu ba kishiyoyi ba ne da za a ce sai ɗaya ya jira ɗaya. Wata mai bincike a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Karin James, ta gwada yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Wasu suka rubuta haruffa da hannu, wasu suka danna su a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan, sassan da ke aiki lokacin karatu sun fi motsawa bayan rubutun hannu. An wallafa wannan a 2012. Yaron da ya ja b da hannunsa sau ɗari, ya san inda cikinta yake fuskanta, ba zai riƙa rikita ta da d ba. Wanda ke fama da yadda zai ja harafi kuwa, hankalinsa duk yana kan yatsunsa, babu sauran wurin tunanin abin da yake son faɗa.

Rashin kujera matsala ce ta gaske, amma tsangaya a kan buzu da tabarma ta koyar da haɗɗi. Abin da take da shi wanda ajinmu ya rasa shi ne lokaci da aka ware kullum, da babba mai duba abin da ƙarami ya rubuta.

Ga kuma wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. Tun da aka daidaita rubutun boko aka ba mu ɓ da ɗ da ƙ a shekarun 1930, ƙugiyar nan ita ke raba ƙasa da kasa, ɓata da bata, ɗaki da daki. Waya ta koya wa mutane zubar da ita, domin sai ka nemo ta. A rubutun hannu kuwa babu wahalar komai, lanƙwasa ce ƙarama. Idan ba a saba wa yaro da ita a aji ɗaya da aji biyu ba, ba zai taɓa jin rashinta ba.

"Likitoci fa?"

Kullum sai an kawo wannan. Wai ga likita, rubutunsa jagwalgwalo, amma ya fi kowa ilimi. Na yarda mummunan rubutu ba alamar daƙiƙanci ba ce, kyakkyawa ma ba alamar basira ba ce. Amma takardar maganin da mai kemis ya karanta ba daidai ba, ba abin alfahari ba ce, haɗari ce ga mara lafiya. Ilimin likitan bai amfani kowa ba idan ya tsaya a takardar da ba ta karantuwa.

"Kalmar ta malaman addini ce"

Wani zai ce haɗɗi na Alƙur'ani ne da ajami, bai dace a jawo shi cikin boko ba. Wani kuma ta ɗaya ɓangaren zai ce ana so a cusa Larabci a makarantar da ta haɗa kowa da kowa.

Duka biyun ina ba su amsa ɗaya. Alƙalami ma daga can ya zo, yau Musulmi da Kirista duk da shi suke kiran abin rubutunsu. Allo ya fito daga tsangaya ya hau bangon aji, babu wanda ya ce an yi saɓo. Darasi, littafi, jarrabawa, harafi, duk hanyar nan suka biyo. Haɗɗi na nufin layin da aka ja bisa ƙa'ida, ko daga dama ya taso ko daga hagu. Idan muka ce "darasin haɗɗi" a jadawalin firamare, mun ba abin suna da ke nuna akwai abin koyo a ciki, akwai gwani, akwai ɗan koyo. Wanda ya kai ɗansa wurin tela, bayan shekara uku yaro bai iya ɗinka layi miƙaƙƙe ba, ba zai karɓi "ɗinki baiwa ce" a matsayin amsa ba, domin ya san ɗinki sana'a ce.

Na san akwai baiwa a ciki. Cikin yara ɗari da aka koya wa, ƙalilan ne hannunsu zai kai a tsaya ana kallo. Waɗannan su ne za su zama masu zayyana da masu rubuta mushafi. Sauran kuwa abin da muke nema musu kaɗan ne: haruffa su zauna a kan layi, tsawonsu ya daidaita, a bar fili tsakanin kalma da kalma.

Inda nake jin tsoro

Akwai abu ɗaya da zai sa in janye wannan kira, shi ne idan darasin haɗɗi zai zama sabuwar ƙofar bulala. Da yawa daga cikinmu sun san yadda ake buga wa yaro rula a gaɓoɓin yatsu saboda harafi ya karkace. Hannun da ke rawa don tsoro ba ya jan layi miƙaƙƙe.

Bahago ya fi kowa shan wannan wahala. Ana tilasta masa komawa dama, a ce tarbiyya ce, sai ya tashi ba shi da hannun dama mai kyau, na hagun ma an kashe shi. Ladabin ci da sha da miƙa abu da dama daban, riƙon alƙalami daban. A bar shi da hagunsa, a nuna masa yadda zai karkata takarda don kada hannunsa ya shafe abin da ya rubuta. Akwai kuma yaran da matsalarsu ta ido ce ko ta jijiyar hannu, waɗanda gilashi ko duban likita suke buƙata.

Abin da za a iya farawa da shi

Minti goma sha biyar kowace safiya daga aji ɗaya zuwa aji uku, da littafin nan mai jan layi da shuɗi wanda har yanzu ana sayar da shi a kasuwa. Malam ya ja harafi a allo a hankali, yana faɗin inda ake farawa da inda ake tsayawa, sannan ya zaga ya duba riƙon fensir. Haruffa masu kama da juna a koyar da su tare, masu ƙugiya a ba su ranarsu.

Wannan ba zai yiwu ba sai malamin kansa ya iya. Kwalejojin ilimi da ke ba da shaidar NCE su riƙa gwada rubutun ɗalibi a kan allo kafin su sake shi ya tafi koyarwa, domin abin da yara sama da ɗari za su kwafa kullum ke nan.

A ɓangaren ajami kuwa malaman suna nan, ba sai an nemo su daga waje ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986 ta ɗaga darajar hadda da tajwidi, har yaran ƙauye suna burin zuwa Makka su wakilci ƙasa. Jihohi su yi wa haɗɗi irin wannan gata, a sa kyauta mai tsoka, a ware rukuni na salon Barnawi da na Kanawi don kada kowa ya koma kwaikwayon rubutun Gabas. Makarantun Islamiyya da ke da kuɗin ɗaukar malamin kwamfuta suna da kuɗin ɗaukar alaramma ɗaya ya riƙa zuwa sau biyu a mako da kurtunsa da alƙalumansa, a biya shi albashi kamar kowane malami.